Gumbar Malam

Duk kun ɗauki maganar a karkace, ku da matanku da mazajenku. Kuna cewa rashin barci ciwo ne da ke bin jinin gidanmu, wai Inna ta yi fama da shi har Gwaggo Ladi ta warkar da ita da madara da zuma, ni kuma na gaje shi na ƙi shan magani don taurin kai. Taurin kai kam ina da shi, ban taɓa musu ba. Amma Inna ba ta yi ciwo ba, Gwaggo ba ta warkar da kowa ba, ni ma lafiyata ƙalau. Ku daina aiko mini da ƙwayoyi a 'yan kwalabe, sun cika mini kan kabad. Ku zauna ku karanta wannan, sau ɗaya zan faɗa.

Kakanku, mahaifina, maɗinki ne a Wudil, mai yi wa manyan riguna aiki da allura. Malam kowa ke ce masa. Mutum ne da in yana cikin ɗaki sai ka duba da kyau kafin ka san yana nan. Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ko wannan a hankali yake faɗa kamar yana jin nauyin kalmar. Yana da al'ada ɗaya da ba ta tashi: ba ya kwanciya da tuwo kaɗai a cikinsa. Bayan lisha Inna za ta kawo masa gumba a wani ɗan akushi, jiƙaƙƙen gero da ta daka da citta da kanumfari da ɗan zuma, ta tsiyaya madara a kai. Ya ci kaɗan, ya turo mini akushin da yatsa ba tare da ya kalle ni ba. Ina ƙarama ya tafi Makka ta ƙasa, yadda talaka ke tafiya a wancan zamani: motar gabas zuwa Yarwa, daga nan kuma abin da Allah ya yi, yana ɗinki a hanya yana neman guzuri. Da farko labarinsa na zuwa ta bakin masu dawowa. An gan shi a Sudan, yana lafiya, yana ɗinki a gindin wata bishiya, ya ce a gaida gida. Daga baya labarin ya ɗauke. Bai dawo ba, wannan kun sani, ba zan ja muku rai ba. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka jira shi.

Tafiyarsa ce ta kai ni makaranta. Da En'e, hukumar gargajiya, ta ce a ba da 'yan mata su yi boko, ƙaninsa Baffa Sule ya ga gidan da ba uba shi ya fi sauƙin bayarwa, aka ɗora ni a mota zuwa Kano ina kuka. Na daina kukan da wuri, don na gane ina son abin. Ƙanwata ta yi aure a Indabo ina can, gidan ya rage daga Inna sai kaji. Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda na gama, Turawa ba su tafi ba tukuna. An zaɓe ni in koma birni in koyi aikin jinya, kuma ba abin da nake so a duniya kamar wannan farar rigar. Na zo gida a tsakiyar damina da niyyar in yi 'yan makonni, in wanke kayana, in yi sallama. Sai na tarar da Inna ta zama rabin kanta. Idanunta sun faɗa, wuyanta ya yi tsawo, tana tsaye a bakin murhu sai ka ga ta yi tangaɗi ta dafa bango. Kowa a unguwa ya san dalili, Abu matar Malam ba ta barci. Ni kuwa ba ta gaya mini komai ba. Ni ce 'yar fari, ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, in za ta aike ni sai ta fuskanci randa ta ce a ɗebo ruwa. Kun tashi a zamanin da uwa ke rungume ɗanta na fari a gaban mutane, ba za ku gane ba. Ni ma a lokacin haushi abin yake ba ni.

Gwaggo Ladi, yayar Malam, ta taso daga Utai musamman, da ƙullin magunguna a ka. Mace ce mai murya, tun daga zaure take fara magana ta ƙarasa ta a tsakar gida. Ba abin da ba ta gwada ba. Ta shafa wa Inna man shanu a tsakiyar kai da tafin ƙafa. Ta ɗaura mata lalle har idon sawu, wai yana janye zafi daga kai. Ta dafa ganyen ɗoɗɗoya, ta dama kunun kanwa mai kauri don ciki ya yi nauyi, ta yanka albasa ta tura ƙarƙashin matashi har ɗakin ya koma warin miya. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Inna ba ta taɓa cewa a'a ba. Duk abin da aka miƙa mata za ta karɓa hannu biyu, ta yi bisimilla, ta shanye, ta yi godiya. Da safe idanun nan suna nan yadda suke, jajaye, a buɗe.

Ni ma na kawo tawa. Na ce a daina barinta tana gyangyaɗi da rana, a buɗe tagar ɗaki iska ta shiga, na je disfensa na karɓo wasu fararen ƙwayoyi.

"Baturiya ta iso," in ji Gwaggo. "Mu da muka haifi 'ya'ya muka yaye, yau za a koya mana yadda ake kwanciya."

"Gwaggo, albasarki mako nawa tana ƙarƙashin matashi? Ko ɓera bai yi barci a ɗakin nan ba."

"Ji bakin. Abu, kina jin 'yarki? Wannan in ta zama nas, mara lafiya zai warke don tsoro."

Inna ta ci gaba da tankaɗe kamar ba da ita ake ba. Ƙwayoyin ma ta sha, su ma ba su yi komai ba.

Abu ɗaya ne ba ta yarda a taɓa ba. Kullum da la'asar za ta jiƙa ɗan gero, ta daka gumba, bayan lisha ta zuba a akushin nan na Malam ta rufe da faifai, ta ajiye a bakin ƙofar ɗakinta. Madarar kuma tana gefe a ƙoƙo, ba ta zubawa. Tun ina zuwa hutu na san da haka. Can cikin dare zan ji an taɓa mini ƙafa, in tashi in ga akushin a gabana an zuba madara, Inna ta juya baya tana gyara fitila. "A ci, kada ya lalace." In ci ido a rufe in koma. Shekara da shekaru ina ɗauka gatan 'yar makaranta ne take yi mini a ɓoye, tunda ba ta iya yi da rana. Har yanzu in na ji ƙamshin kanumfari a madara sai ƙafata ta ji kamar an taɓa ta.

Wata Juma'a bayan an tashi daga kasuwar shanu Baffa Sule ya shigo. Ya gaisa da Gwaggo, ya tambayi Utai da gonaki da ruwa, ya gaida Inna da jiki, sannan ya ce mini in zauna, maganar ta shafe ni.

"Ni ba na son ɓoye-ɓoye," ya ce. "Yaya ya wuce shekarun da shari'a ta ce a jira. Matar nan tunani ne ke cin ta. A je gaban alƙali a yanke magana, ta yi takaba, zuciyarta ta huta."

"Ba a kawo mini gawa ba," Inna ta ce. Da ƙyar aka ji ta.

"Ba a kawo miki mutum ba kuma. To ga abin da na gani. Yarinyar nan za ta koma birni. Ba zan bar ki ke kaɗai a gida kina faɗuwa a bakin wuta ba. In kin samu barci kafin ta tafi, shi ke nan, na janye. In ba ki samu ba, ki bi Yaya Ladi Utai, gidan kuma in sa yarona da matarsa a ciki kada ya rushe."

Kada ku ɗauki Baffa mugu. Shi ke kawo mana hatsi tun tafiyar Malam, kuma gaskiyarsa ce, Inna ta taɓa faɗuwa dab da tukunya. Ni kaina a ranar na ga maganarsa daidai. Ina son in tafi da hankali kwance, ko ta yi barci ko ta koma Utai, duk ɗaya ne a wurina, in dai an gama kafin motar da zan hau. Na kalli Inna na ga faifan ya suɓuce daga hannunta, na ce a raina wannan ai rashin barcin ne.

Daren da Gwaggo ta kawo maganinta na ƙarshe, madara mai ɗumi da zumar da ta sa aka nemo daga Indabo, da 'yar habbatus-sauda a ciki, na yi niyyar ba zan runtsa ba sai na ga abin da ke hana matar nan barci. Gwaggo ta kwanta a ɗaya ɗakin, ba a jima ba munsharinta ya cika gida. Na kwanta na juya wa Inna baya na daidaita numfashi. Na ji ta tashi zaune. Na ji ta jawo wani abu daga ƙarƙashin tabarma, ganye ya yi ƙara, sannan wani ɗan sauti da duk Bahaushe ya sani, ƙarar goro in an ɓare shi. Inna da ba ta cin goro da rana, ko a biki aka ba ta sai ta ƙulle a gefen zane ta kawo wa baƙi. Na juyo. Tana zaune a bakin ƙofa kusa da akushin, ta jingina kanta da bango ta wajen zaure, tana tauna a hankali, idanunta na rufewa tana buɗe su da ƙarfi.

"Inna, goro?"

Ba ta firgita ba. Ta dai daina tauna.

"Ana ba ki maganin barci kina bin sa da goro? Gwaggo ta bar gonarta a damina, ni na yi layi a disfensa, Baffa zai ba da gidan nan, ashe ke ce ba kya so?"

"A rage murya."

"Ba zan rage ba sai kin gaya mini."

Sai ta ɗaga hannu, ba don ni ba. Can daga nesa wata babbar mota ta taho daga gabas, muka ji direba ya canja giya yana gangarowa wajen kogi. Duk motar da ta fito Yarwa ta Wudil take bi, kuma yawancinsu dare ke yi musu a hanya. Motar ta tsaya a tasha. Inna ta miƙa wuya, ta riƙe numfashi. Muka zauna haka, tsawon abin da zai ishi mutum ya sauko, ya ɗauki kayansa, ya tako zuwa unguwarmu. Kare ya yi haushi ya gaji. Ba kowa. Ta sauke numfashi, ta fuskanci fitila, ta yi mini maganar da ta fi kowace tsawo a tsakaninmu.

"Ubanki ba ya buga ƙofa. Kina goye ya dawo daga cin kasuwar Achika da dare, ya tarar an sa sakata. Ya yi gyaran murya, ban ji ba, barci ya ɗauke ni. Ya kwana a dakali, ruwa ya ƙare a kansa. Da asuba na ce, Malam, don me ba ka buga ba? Ya ce, na ji kun yi shiru, na ce kada in tashe ku."

"To a bar ƙofar a buɗe mana. Wannan ai ba abin wahala ba ne."

"A buɗe take. Tun tafiyarsa ban sa sakata ba." Ta juya ɓarin goron a tafin hannunta. "Mutumin da ya yi shekarun nan ba ya nan, ya san ko gidan nasa ne har yanzu? Ya san ko an ɗaura mini da wani? Ba zai shigo ba. Zai tsaya a bakin zaure ya yi gyaran murya. In bai ji an amsa ba, zai ce sun yi shiru, ya koma tasha, ya hau motar asuba. Ba wanda zai san ya zo."

Na buɗe baki in ce mata wannan ba hankali ba ne, in ce mai yiwuwa ƙasar Sudan ta daɗe da cinye shi. Kun san ni, ba na riƙe magana. Amma na san mutumin da ke turo akushi da yatsa, na kuma san haka ɗin zai yi, ba ragi. Sai na ga Utai a idona, da matar yaron Baffa tana barci a ɗakin nan, da wani siririn tsoho a bakin zaure da ƙullin allurai a aljihu. Na kalli akushin. Ashe duk daren da aka taɓa mini ƙafa, motar ƙarshe ce ta wuce babu shi, aka zuba madararsa aka ba ni.

"Da na ɗauka tawa ce," na ce.

"Ai shi ma ke yake rage wa."

Na miƙa mata hannu.

"Ba ni goron. Ki kwanta, ni zan saurara."

"Barcinki nauyi gare shi."

"A makaranta ni ke kaɗa ƙararrawar asuba. Ba ni."

"An san gyaran muryarsa?"

Nan ta kama ni. Na tuna hannunsa, na tuna ƙamshin shuni a rigarsa, muryar kuwa ta ɓace mini. Na girgiza kai. Inna ta duba wajen ɗakin Gwaggo, ta sunkuyar da kai kamar amarya, sannan ta kwaikwayi gyaran muryar. Ɗan sauti ne daga ƙasan maƙogwaro, gajere, sai wani ya biyo shi a hankali kamar mai neman gafara. Macen da ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, ga ta ta shigo da shi cikin ɗaki gaba ɗaya. Na san shi. Yana nan cikin kunnena duk shekarun nan, ban sani ba.

"In an ji, ba a tambaya wane ne," ta ce. "A ce, Malam, shigo. Da ƙarfi, kada ya yi shakka."

Ta zuba mini goron a hannu. Ta kwanta a kan tabarmata ko mayafi ba ta ja ba, ta buɗe ido ta duba ko ina zaune, ta sake dubawa, daga nan sai jikinta ya saki gaba ɗaya kamar an kwance ɗaurin kara. Na zauna a wurinta, na jingina kaina inda nata ya yi wa bango santsi. Goron ɗaci gare shi. Motoci suka zo suka wuce. Da aka yi kiran assalatu na zuba madarar na cinye gumbar, ni kaɗai, ido a buɗe.

Rana ta fito Inna ba ta motsa ba. Gwaggo ta leƙo, ta dafe ƙirji, ta fita da sanɗa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Kafin hantsi duk unguwa ta ji cewa zumar Indabo da habbatus-sauda sun yi aiki. Daga nan labarin ya samo asali, har ya zo kunnenku. Ban ƙaryata ta ba. In na faɗi gaskiya, sai a ce Abu ta taɓu, a ɗauke ta zuwa Utai a ranar. Inna ma da ta farka ta sha ruwa, ta yi wa Gwaggo godiya hannu biyu, ta fuskanci randa ta ce a share tsakar gida. Ba ta kalle ni ba. Da lisha ta yi, na ga ƙullin goron a ƙarƙashin matashina.

Kun sha tambayata me ya sa ban zama nas ba, ni da na fi 'yan ajinmu. Waɗanda na bari a baya sun sa farar rigar, wata har Ingila ta je. Ba zan ce muku ban ji ciwo ba. Na daɗe in na shiga asibiti sai in kau da kai daga masu aikin. Abin da na samu a madadinsa shi ne wannan kunnen da kuke son kashewa da ƙwaya. Inna ta rasu, gidan Wudil ya zama shago, Malam da yana raye da ya wuce shekarun da ɗan Adam ke yi, duk na san wannan. Amma babbar mota ba ta canja giya a titi in ban ji ba, kuma ba na kwanciya sai na ba mutum lokacin da zai tako daga tasha.

Bayan 'yan kwanaki Baffa ya zo ya ga Inna ta fara cika ido, tana daka ba ta dafa bango. Ya yi hamdala, ya ce ya janye maganarsa, alƙali ma a bar shi tukuna. Gwaggo ta ɗaure ƙullinta za ta koma Utai. Ya juyo wajena yana murmushi.

"To, 'yar boko, hanya ta buɗe. Na yi magana da direban motar Asabar, gaba zai sa ki."

Akwatina na ƙarfe yana nan a bakin ƙofa, na gama shirya shi tun makon da ya wuce. Inna tana tankaɗe, sai na ji faifan ya tsaya. Ba ta ɗago ba, kuma na san har in hau motar ba za ta ce in zauna ba. Za ta raka ni zaure, ta dawo ta ɗaga matashina ta ɗauki ƙullinta.

"Baffa, a ba wani wurin," na ce. "Gobe zan je wajen hedimasta, na ji suna neman mai koya wa 'yan mata karatu da safe. In an tashi sai in yi barcina da azahar."

"Barcin azahar kuma? Ke da kika hana uwarki gyangyaɗin rana?"

"Na canja magana."

Ya kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalle shi. Na bar su suna kallon juna, na ja akwatin zuwa ƙarƙashin gado, na ɗauki ƙwarya na nufi rumbu. La'asar ta kusa, ba a jiƙa geron Malam ba.